Giyar CVT: Yadda Za Ka Auna Maganar Direbobi, Ka Gwada Mota, Ka Kuma Riƙe Ta

Duk wanda ya faɗa a majalisa cewa zai sayi mota mai giyar CVT, wato nau'in giyar otomatik mai aiki da bel maimakon lambobin giya, kafin ya rufe baki an cika masa kunne. Wani zai ce ya gudu tun da wuri, giyar ba ta da ƙarko, in ta mutu kuma ba a gyara ta. Wani zai ce shi tasa ta shekara da shekaru ba ta taɓa kai shi gareji ba, ga ta da ƙarancin shan mai. Dukansu kuwa abin da suka gani suke faɗa.

Sana'ata gyaran giyar otomatik ce a Kano, kuma nakan raka mutane duba mota kafin su biya kuɗi. A iya abin da nake ji daga bakin direbobi, ƙorafinsu kan wannan giya kashi biyu ne. Akwai wanda ya shafi yadda motar take ji a ƙafa da kunne, shi wannan sabo ne kawai yake maganinsa. Akwai kuma wanda ya shafi zafi da man giya, shi ne yake cinye kuɗin mutane da gaske. Wanda ya iya raba waɗannan biyun zai san maganar wa zai ɗauka, ya kuma san abin da zai duba da idonsa.

Abin da ke cikin akwatin

Giyar otomatik da muka saba da ita, irin ta Camry da tsohuwar Corolla, tana da lambobi: ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ta huɗu, sababbi har ta takwas. CVT ba ta da waɗannan. A cikinta akwai fuli biyu, ɗaya yana karɓar juyi daga inji, ɗaya yana miƙa wa tayoyi, sai bel da ya haɗa su. Kowane fuli faranti biyu ne masu tudu a tsakiya suna fuskantar juna, bel ɗin yana zaune a kwarin da ke tsakaninsu. In farantan suka matso kusa, sai su turo bel ɗin waje ya zagaya da'ira babba. In suka buɗe, sai ya faɗa ciki ya zagaya ƙarama. Yayin da fuli ɗaya yake matsewa, ɗayan buɗewa yake yi, kwamfutar motar kuma ita take tsara hakan da ƙarfin mai da famfo yake turawa. Tsohuwar giya kamar hawa matakalar bene ce, kana jin kowane taku a jikinka. Wannan kuwa tudu ne shimfiɗaɗɗe, kana ta hawa ba inda ƙafa ta tsaya.

Masu cewa bel ɗin roba ne suna da inda suka samo maganar. Kamfanin DAF na ƙasar Holan, wanda mu muka fi sani da manyan motoci, shi ya nuna wata ƙaramar mota a 1958 mai suna DAF 600, da giya irin wannan da ya kira Variomatic, kuma bel ɗinta na roba ne da gaske. Amma wancan zamani ya wuce. Tun Subaru Justy ta 1987 aka shiga amfani da bel na ƙarfe: ɗaruruwan ƙananan sassan ƙarfe jere a kan siraran zobba na ƙarfe, suna tura juna. Subaru na yanzu ma sarƙa suke sakawa. Don haka idan ka buɗe CVT ta Nissan ko Toyota ko Honda, ƙarfe za ka gani yana manne da ƙarfe, ba haƙori ko ɗaya da yake riƙe su, sai matsi da mai. Ka riƙe wannan a ranka, domin duk sauran bayanin a kansa yake tsaye.

Ƙorafin da sabo yake magani

Maganar da na fi ji ita ce, "Malam, motar nan kuka take yi ba ta tafiya." Direban da ya saba da manuwal, in ya taka totur ya ji inji ya ɗaga murya ya tsaya a wuri ɗaya alhali gudu yana zuwa a hankali, abin da zuciyarsa take gaya masa shi ne kuloci ya ƙone. A CVT kuwa haka aka ƙera ta. Kwamfuta tana kai inji inda ya fi ba da ƙarfi, ta riƙe shi a nan, fulin su ci gaba da sauya girma har gudu ya kamo. Ka kalli allurar gudu maimakon ka saurari inji, za ka ga tana hawa ba tsayawa. Idan gudu yana ƙaruwa sumul, giyar lafiyarta ƙalau.

Wannan ƙorafi ya yi yawa har a Amurka da Turai, shi ya sa kamfanonin suka koya wa kwamfutar ta riƙa kwaikwayon canjin giya. Corolla S ta 2014 tana da matakai bakwai na kwaikwayo, Nissan ma daga baya ta yi irin haka. Toyota ta ƙara gaba a 2018, ta fito da wadda ta kira Direct Shift, wato an saka giya ta ɗaya ta haƙora ta gaske domin tashi daga tsaye, sai mota ta ɗauki gudu sannan bel ya karɓa. Ni a ganina wannan dabara ta fi duk sauran amfani, domin lokacin tashi ne bel ya fi shan wahala.

Sai masu cewa giyar ragwaye ce, ba ta da gudu. A 1993 ƙungiyar tseren motoci ta Williams ta gwada CVT a motar Formula One, David Coulthard ne ya tuƙa ta a gwajin, hukumar tseren kuma ta haramta ta kafin ta shiga gasa ko sau ɗaya. Abin da yake sa mutum ya ji motarsa ba ta da kuzari, yawanci ƙaramin inji ne aka haɗa da kwamfutar da aka tsara don tattalin fetur. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa, na ga mutanen da a da ba sa son jin sunan wannan giya suna zuwa tambaya a kanta, musamman ma'aikata da masu haya a cikin gari waɗanda rabin yininsu a cunkoso yake ƙarewa. Su ne suka fi yabonta, kuma yabon nasu yana kan hanya: ba fizga, ba tsalle, mai kuma yana daɗewa.

Ƙorafin da ya kamata ka saurara da kyau

Direbobin doguwar hanya su ne suka fi tsanarta, kuma ba na ganin laifinsu. Labarin da suke bayarwa kusan iri ɗaya ne: mota cike da mutane da kaya, rana ta take, an yi awa biyu ko uku ana gudu, sai kawai ta saki. Ka taka totur har ƙasa ba ta amsawa, ka gangara gefen titi ka kashe, bayan ɗan lokaci ka tayar ta ci gaba kamar ba abin da ya faru. Wannan zafi ne. Man giya ya wuce ƙa'ida, kwamfuta ta rage ƙarfi da gangan don kada bel ya zame ya karce fuli. Idan mai mota ya ba ka wannan labari game da motar da yake son sayar maka, ya gaya maka gaskiyar da ta fi duk wata takarda.

Kamfanin Nissan da kansa ya san da matsalar a tsofaffin samfuransa. Giyarsa kamfanin Jatco ne yake ƙerawa, kuma a Amurka sai da ya ninka garantin CVT na motocin 2003 zuwa 2010, daga shekara 5 ko mil 60,000 zuwa shekara 10 ko mil 120,000. Waɗannan motoci, irin su Murano da Altima da Rogue da Sentra, su ne suka cika kasuwanninmu bayan garantin ya ƙare, daga nan ne kuma mummunan sunan CVT ya bazu a garejojinmu. Saboda haka duk wanda ya kushe maka ita, ka tambaye shi abu uku: wace mota ce, ta wace shekara, wane mai aka zuba mata. Sau da yawa a tambaya ta uku ake yin shiru.

Ka fara sanin ko motar tana da ita

Dillali ba lallai ne ya sani ba, shi dai otomatik ce. Ga masu CVT da suka fi yawa a cikin motoci 'yan Amurka da ake shigowa da su. Murano daga 2003 zuwa 2024. Altima mai otomatik tun 2007. Accord mai silinda huɗu tun 2013, ban da mai inji 2.0 turbo ta 2018 zuwa 2022, amma mai V6 ta ci gaba da giyarta ta haƙora mai shida har 2017. Civic tun 2014, CR-V tun 2015. Corolla tun 2014, sai dai ƙaramin samfurin L ya ci gaba da tsohuwar giya mai huɗu har 2016, don haka Corolla biyu masu kama ɗaya za su iya tsayawa gefe da gefe kowacce da irin giyarta. Camry mai fetur zalla ba ta da bel.

Akwai ruɗani ɗaya da ya kamata a warware. Prius da Camry Hybrid da 'yan'uwansu ana rubuta musu e-CVT, amma babu bel babu fuli a cikinsu, haƙoran giya ne da injinan lantarki biyu. Duk tsoron da ake yi wa bel bai shafe su ba, nasu abin dubawar batir ne.

Idan kana shakka, ka ɗauki lambar jikin mota mai haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, a bincika maka ita a intanet. Ko ka leƙa kan akwatin giyar, wasu suna ɗauke da rubutun gargaɗi a kan murfin mai.

Gwaji kafin biyan kuɗi

Ka je da sassafe, ka kuma roƙi kada a tayar da motar kafin ka iso. Ka ɗora hannu a bonet; in da ɗumi, an riga ka. Giya mai ciwo takan ɓoye wasu alamu in ta ɗumama, wasu kuma sai ta yi zafi sosai suke fitowa, don haka kana bukatar ka gan ta a hali biyun.

Ka tayar, ka taka birki, ka saka D ka ƙirga a zuciyarka. Cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu ya kamata ka ji ta kama a hankali. Ka dawo N, ka saka ribas, ka sake saurare. Jinkiri mai tsawo ko bugu mai ƙarfi alama ce mara kyau. Sannan ka saki birki ba tare da ka taɓa totur ba, ka ga ko tana rarrafawa da kanta ba karkarwa.

Wurin da na fi daɗewa shi ne tafiyar hankali, tsakanin kilomita 20 zuwa 60 a awa, da ƙafa sama-sama a kan totur. Mutane suna son su taka da ƙarfi su ji gudu, alhali ciwon CVT a tafiyar sanyi yake bayyana. Ka kashe rediyo, ka rufe gilashi, ka nemi titi mai ɗan hawa. Idan ka ji motar tana kakkarwa kamar ta hau gargada alhali kwalta lafiyayya ce, ko ka ga allurar juyin inji tana hawa da sauka da kanta ƙafarka ba ta motsa ba, to bel ya fara zamewa ko kuma matsin mai ba ya tsayawa. Ka maimaita sau da yawa. Ka kuma kasa kunne ga wani siririn kuka da yake ƙaruwa tare da gudu. 'Yar ƙara kaɗan dabi'arta ce, amma kukan da yake shiga kunne har ka ɗaga murya kafin a ji ka, boris ne ko famfo suke gaya maka sun gaji.

Daga nan ka hau babban titi, ka yi aƙalla rabin awa da na'urar sanyaya mota a kunne. A Kano nakan bi hanyar Zariya ko ta Wudil. Dillalin da ya ce zagaye ɗaya a layi ya isa, ka ce masa, "Alhaji, a yi haƙuri, ni zan zuba man." In ya ƙi duk da haka, ka bar masa motarsa. Bayan ta yi zafi sai ka sake yin gwajin tafiyar hankali, ka kuma taka da ƙarfi daga 60 zuwa 100 ka ga ko tana amsawa yadda ta yi da farko.

Kada ka biya sai an jona mata kwamfutar bincike, kuma ka tabbatar na'urar tana shiga ɓangaren giya, domin ƙananan na'urori inji kawai suke karantawa. A Nissan, lambobin P17F0 da P17F1 na karkarwar giya ne, in ka gan su ka san inda aka dosa. Na'ura mai kyau tana nuna zafin man giya a lokacin da kake tafiya, a Nissan ma tana nuna ƙididdigar yadda man ya gaji. Idan ka tarar komai fes, ba lamba ko ɗaya, kuma na'urar ta nuna motar ba ta gama gwaje-gwajen kanta ba, to kwanan nan aka goge, ka tambayi dalili. Ka tuna kuma 'yar Amurka da mil take ƙirga: in ka ga 100,000, kusan kilomita 160,000 ke nan, in ma ba a taɓa agogon ba.

Abu na ƙarshe, ka sa a ɗebo ɗan man giyar a farar takarda. Ka shinshina. Ƙauri alama ce ta zafin da ya wuce. Ka karkata takardar a rana. In ka ga ƙyalli-ƙyallin ƙarfe, bel da fuli sun fara cin juna, kuma sabon mai ba zai mayar da abin da ya goge ba. Ka leƙa ƙarƙashin kujeru da cikin but ma ko akwai tsatsa da busasshen taɓo, domin cikin motocin gwanjo da ake kawowa akwai waɗanda ambaliya ta shanye, ruwa kuwa in ya shiga wannan giya ya gama da ita.

Tuƙin da take so

Ka tashi a hankali. Daƙiƙu biyu ko uku na farko ka bari ta motsa kafin ka ƙara mata wuta, musamman da safe lokacin hunturu da mai yake da kauri. Kada ka taɓa sauya daga ribas zuwa D, ko daga D zuwa ribas, sai mota ta tsaya cak. Na san a wurin fakin mai matsi hannu yakan riga ƙafa, amma wannan bugun kai tsaye kan bel yake sauka.

A cunkoso mai hawa, ka riƙe mota da birki, kada ka riƙe ta da totur. A gangara mai tsawo irin Hawan Kibo, ka saka L ko B ko S, duk wanda motarka take da shi, inji ya taya birki aiki. Dabi'ar nan ta sakin mota a N don a rage shan mai, ka bar ta gaba ɗaya. Motocin yanzu suna yanke fetur da kansu in ka ɗaga ƙafa a gangara tana cikin giya, don haka babu ribar da kake ci, sai haɗarin mayar da ita D tana cikin gudu.

Yashi da taɓo su ne manyan abokan gabarta a ƙauyukanmu. In taya ta nutse, direba yakan taka totur har ƙasa, taya ta yi ta juyawa a banza, sai kwatsam ta kama ƙasa mai tauri. Wannan fizgar takan sa bel ya zame ya bar tabo a fuskar fuli, daga ranar kuma karkarwa ta fara. In ka maƙale, ka sauka, a haƙa, a saka itace ko dutse, a tura. Haka nan ramin titi da tudun rage gudu: ka ɗaga ƙafa daga totur kafin taya ta buga. Kada ka ja wata mota da ita. In ita ce ta mutu, a kira janwe mai ɗaukar mota gaba ɗaya, ko a ɗaga tayoyin da suke ja daga ƙasa, domin famfon mai ba ya aiki in inji a kashe yake.

A watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da nan Kano, in za ka yi doguwar tafiya da lodi ka rage gudu, ka riƙa tsayawa kana hutar da ita. Idan ta saki a hanya, ka fita daga titi, ka saka P, ka ba ta lokaci ta huce, in ka isa kuma ka kai ta a duba. Kada ka ce tunda ta tashi shi ke nan. Ka lura kuma da lagireto, domin a yawancinsu ruwan inji ne yake sanyaya man giya. Wanda ya bari lagireto ya toshe da ƙura, ko fanka ta mutu, ko yake zuba ruwan rijiya, giyarsa yake dafawa bai sani ba. Ga mai yawan tafiye-tafiye nakan ba da shawarar a ƙara ƙaramin lagireto na man giya a gaba, in samfurin yana karɓa.

Maganar mai

A nan ne raina ya fi ɓaci, domin yawancin giyoyin da ake kawo min a mace ba tsufa ne ya kashe su ba. Man otomatik na gama-gari, jan nan da kowa ya sani, an yi shi ne don giyar haƙora da faifan kuloci. Man CVT aiki biyu masu karo da juna yake yi: ya sa boris su yi sulɓi, a lokaci guda kuma ya bar ƙarfen bel ya kama ƙarfen fuli ba zamewa. In aka zuba wanda ba nata ba, mota za ta tashi ta tafi lafiya, mai ita ya yi godiya ya biya, bayan makonni ko 'yan watanni karkarwa ta fara, ba kuma wanda zai tuna da ranar da aka zuba man.

Wata Hajiya ta taɓa kawo min motarta tana kakkarwa, ta ce ba ta daɗe da yin sabis ba. Yarona ya kwance magudanar mai ya ɗago ya ce, "Oga, zo ka gani, ja ne." Na tambaye ta, "Hajiya, da aka canja man nan an nuna miki galan ɗin?" Ta ce a'a, an dai ce mata man giya ne mai kyau. Wanda ya zuba ba mugunta ya yi ba, bai san akwai bambanci ba ne. Amma ita ce ta sayi wata giyar.

Saboda haka ka san sunan man motarka kamar yadda ka san lambarta. Nissan tana da NS-2 na tsofaffi da NS-3 na waɗanda suka biyo baya, daga wajen 2013. Toyota tana da TC da FE. Honda ta 2013 zuwa sama HCF-2 take sha. Littafin motar ne mai yanke hukunci, in babu shi a nemo shi a intanet da shekarar motar. Ka sayi man da kanka a wurin wanda ka yarda da shi, ka duba hatimin murfi, domin jabu ya yi yawa a kasuwa kuma araha ba ta ado. Ka tsaya a buɗe shi a gabanka. Launi kaɗai ba hujja ba ne: NS-2 kore-kore ne, na wasu kamfanonin ruwan zuma, don haka rubutun jikin galan za ka bi.

Za ka ji ana cewa man CVT ba a canja shi har mota ta mutu. Wannan magana ba ta dace da zafinmu da ƙurarmu da cunkosonmu ba. Ni abin da nake gaya wa masu zuwa wurina shi ne kowane kilomita 40,000 zuwa 50,000, mai haya kuma ya tsaya a kan na farkon. In ka sayi 'yar Kwatano ba ka san tarihinta ba, ka canja a makon farko. A zubar a sake zubawa kawai, ba na son a tura mai da injin wanki mai ƙarfi a tsohuwar giya. A kwance kaskon ƙasa in tana da shi, a wanke maganaɗisun da ke ciki, a duba abin da ya manne musu. Laushin toka-toka kaɗan ba komai, ɓarɓashi mai kaifi kuwa labari ne. A canja matata, wasu samfuran biyu gare su, ɗaya a cikin kasko ɗaya a gefen mai sanyaya mai.

Awon man ma yana da ƙa'ida. Da yawa daga cikin sababbin ba su da sandar awo, ana daidaita shi ne ta wani ƙaramin rami a ƙasa, mota a tsaye daidai, inji yana aiki, man kuma yana tsakanin digiri 35 zuwa 45 a yawancin Toyota da Nissan. Bakaniken da ba shi da na'urar karanta zafin mai kintace zai yi. In ya gaza, famfo ya ja iska, matsi ya faɗi. In ya yi yawa, ya yi kumfa, zafi ya tashi. Kafin ka ba kowa motarka ka tambaye shi yadda zai auna, amsarsa za ta nuna maka ko ya san aikin.

Wa ya kamata ya saya

Idan zirga-zirgarka gida ce da ofis da makarantar yara, da tafiya garinku lokaci-lokaci a kan kwalta, kuma za ka iya tsayawa kan maganar mai, ka saya hankalinka kwance, musamman Corolla ko Civic ko Accord da ta ci gwajin da na bayyana. Idan kuwa lodi za ka riƙa yi daga Dawanau zuwa ƙauye, ko hanyar garinku yashi ce da kwazazzabai, ko a inda kake zaune babu bakaniken da yake da na'ura, ka nemi manuwal ko tsohuwar otomatik mai haƙora. Tsofaffin Nissan na shekarun da aka ƙara wa garanti kuwa, ba na hana kowa, amma ka sa kuɗin wata giyar cikin lissafinka tun ranar ciniki, ka kuma nemi ragi a kan haka.

In ta riga ta mutu, kada ka yi saurin yarda a buɗe ta. Wani lokacin laifin na na'urar auna gudu ne, ko waya ta ci, ko akwatin bawul da yake rarraba mai, waɗannan kuwa ana gyara su ba tare da an sauke giya ba. Amma in fuli ya karce, canja bel kaɗai ɓarnar kuɗi ce, sabon ma zai bi sawun tsohon. Mafi yawan mutane 'yar Kwatano suke saya a Kofar Ruwa ko Panteka ta Kaduna ko Ladipo ta Legas. Ka tafi da lambar da ke jikin tsohuwar a gwada ta yi daidai, domin mota iri ɗaya takan zo da giya daban gwargwadon inji da shekara. Ka sa a buɗe kaskonta a gabanka ka ga maganaɗisu, ka kuma karɓi rubutacciyar yarjejeniyar kwanakin gwaji. Kafin a ɗaura, a wanke bututun mai da mai sanyaya shi ko a canja su, domin ɓarɓashin tsohuwar yana nan kwance a ciki yana jiran sabuwar. Bayan an ɗaura, wasu samfuran, musamman Nissan na baya-bayan nan, sai an shigar wa kwamfutar motar bayanan sabuwar giyar sannan take tafiya daidai, don haka ka tabbatar mai ɗaurawar yana da na'urar yin hakan kafin ya kwance ƙusa ta farko.